Gangar da Ba Ta da Makaɗi

Duk wanda ya shiga kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ko ya tsaya a bakin tasha a Gumel, ko ya halarci biki a nan Sule Tankarkar, zai ji kiɗa na tashi ta ko'ina: daga rumfar mai cajin waya, daga babur ɗin ɗan acaɓa, har daga aljihun yaro mai kiwo. Zai ji kalangu, ya ji sarewa, ya ji goge, wani lokaci har da kakaki. Amma da zai bi diddigin waƙoƙin nan ɗaya bayan ɗaya har zuwa ɗakin da aka haife su, a mafi yawansu ba zai tarar da kalangu ko sarewa ba. Abin da zai tarar shi ne saurayi guda da kwamfuta da fiyano da makirfo, a wani ɗan ɗaki da aka liƙe bangonsa da soso. An ji ganga, an yi rawa, an yi liƙi, amma babu fatar da aka buga.

Tambayar da muke son mu tattauna da 'yan'uwa marubuta ita ce, shin akwai wani laifi a cikin wannan al'amari? Ba hukuncin kiɗa a shari'a muke nufi ba, domin wannan fage ne na malamai, kuma sun yi magana a kansa tun kafin a haife mu. Laifin da muke nufi shi ne irin wanda ke shiga tsakanin mutum da mutum, wato ko an yaudari wani, ko an ci haƙƙin wani, ko kuwa an yar da abin da bai kamata a yar ba. Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, to kukan da dattawa ke yi da kiɗan zamani bai wuce begen ƙuruciyarsu ba, sai mu ba su haƙuri mu wuce.

Ba mu kaɗai ke wannan gardama ba. A Turai da Amurka ma an daɗe ana yin ta, sai dai tasu ta fi karkata ga wani mataki guda na aikin. Bayan an ɗauki muryar mawaƙi da ta 'yan amshi da sautin kowane abin kiɗa daban-daban, akwai aikin da ya rage wanda ake kira haɗa sauti. Aiki ne irin na mai miya. Ga kuka, ga daddawa, ga gishiri, ga barkono, kowanne mai kyau ne, amma sai mai hannu ce ta san yawan da za ta zuba don kada ɗaya ya danne sauran. A da, ana yin wannan haɗi ne a kan wani ƙaton tebur mai ɗaruruwan maɓallai, sauti yana bi ta cikin wayoyinsa a matsayin wutar lantarki har ya sauka a kan zaren tef. In an yi kuskure sai a sa reza a yanke zaren a liƙe, ko kuma a sake waƙar tun daga farko. In an tashi aiki aka mayar da maɓallan inda suke, da wuya a sake samun ainihin haɗin jiya. Gishirin da ya shiga miya ya shiga ke nan.

Ita kuwa kwamfuta ba ta ajiye sauti sai ta mayar da shi lambobi. Takan auna ƙarfinsa sau dubbai a cikin daƙiƙa guda ta rubuta. A ma'aunin faifan sidi, wanda ya fito a 1982, sau 44,100 ne. Da zarar sauti ya zama lamba kuwa, ana iya tsame gishirin daga miya, a rage, a ƙara, a ajiye, a dawo bayan wata shida a tarar da komai yadda aka bar shi. Manhajar Pro Tools ta fito a 1991. Wadda samarinmu suka fi sani, FL Studio, wani kamfani ne na ƙasar Beljiyam ya fitar da ita a ƙarshen shekarun 1990 da sunan FruityLoops. A 1999 aka samu waƙa ta farko da ta hau matsayi na ɗaya a Amurka alhali a cikin kwamfuta aka ɗauke ta aka kuma haɗa ta, wato “Livin' la Vida Loca” ta Ricky Martin. A wannan shekarar ce Alhaji Mamman Shata ya rasu. A tsakanin nan ne kuma fiyanon Yamaha ya mamaye waƙoƙin finafinan Kano, musamman bayan karɓuwar da fim ɗin Sangaya ya samu. Ashe iskar da ta kaɗa a can ita ce ta kaɗa a nan, kuma kusan lokaci guda.

Masu goyon bayan tsohon tebur sukan ce sautinsa ya fi ɗumi, na kwamfuta kuwa bushasshe ne. Akwai ƙanshin gaskiya a maganar, sai dai ya kamata mai karatu ya san daga inda ɗumin yake fitowa. Wayoyi da zaren tef ba sa mayar da sauti daidai yadda suka karɓe shi, sukan ɗan murɗa shi su dakushe kaifinsa, kunne kuwa ya saba da haka har ya so shi. Tamkar tuwon da aka tuƙa da itace ne. Hayaƙi a abinci aibi ne a asali, amma wanda ya tashi da shi in ya ci na risho sai ya ji kamar da saura. Abin dariya, yanzu akwai manhajojin da ake saya da kuɗi don kawai su kwaikwayi wannan aibi, har da shuuu ɗin da kaset ke yi. An ɗura hayaƙi a kwalba ana sayarwa. Manyan gwanayen wannan sana'a irin su Andrew Scheps, wanda ya yi shekaru yana aiki da manyan tebura, sun koma haɗawa a cikin kwamfuta kacokan, masu sauraro kuwa ba su fasa sayen waƙoƙin ba. Gaskiya ne a 2022 yawan faya-fayan garmaho da aka sayar a Amurka ya zarce na sidi, karon farko tun 1987, amma wannan sha'awa ce ta mai ƙoshi.

A wurinmu maganar ma ba ta taso ba. Wa zai girke teburin miliyoyi a garin da wuta ba ta zama, ƙurar hunturu na shiga ko'ina, zafin bazara kuma na haura awo 40? Sa'annan wace kunne za a burge da ɗumin, alhali da lasifikar waya za a saurara, wadda ba ta kai faɗin kwabo ba? Saboda haka tamu gardamar ba tsakanin tebur da kwamfuta take ba. Tsakanin kwamfuta take da mutanen da ta maye gurbinsu.

Kafin mu shiga nan, akwai wani ruɗi da ya kamata a kawar. Wasu suna magana kamar kiɗan gargajiya bai taɓa haɗuwa da inji ba sai yanzu. To Shatan da mafi yawanmu muka sani, na Rediyo Kaduna ne da na kaset. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Ɗanmaraya Jos a 2015, Barmani Coge a 2013, amma ɗalibanmu na jin kotso da kuntigi da ƙwarya a wayoyinsu, kuma ba don inji ba da sai dai labari. Gurmin Haruna Uji na Haɗeja, maƙwabcinmu, inji ne ya tsallakar da shi zuwa Damagaram da Kumasi. Tsohon faifan garmaho bai ɗaukar fiye da kimanin minti 3 a kowane gefe, sai mawaƙin da ya saba kwana yana waƙa ya datse ta don ta shiga. Ke nan abin da muke kira na asali, shi ma ya sha almakashin zamaninsa.

Haka kuma wajibi ne a faɗi alherin da kwamfuta ta yi, domin babba ne. Sanin kowa ne a ƙasar Hausa kiɗa sana'a ce ta gado, kuma sana'a ce da ake so ana ƙyama. A kira makaɗi ya raya biki, a yi masa kari, amma in ɗansa ya zo neman aure a fara kallon juna. Yaron da Allah ya ba murya da fasaha amma aka haife shi a gidan malamai ko na sarauta, a da sai dai ya haɗiye baiwarsa, ko kuwa ya bar gari. In ma ya yi ƙundumbala, yana bukatar makaɗa da 'yan amshi da sanƙira da ubangida mai ɗaukar nauyinsu. Fiyano da kwamfuta suka rushe wannan katanga. Yaro daga Danzomo ko Jeke yana iya tara kuɗin riɗinsa ya je Gumel ko Kano, ya kwana biyu ya dawo da waƙarsa a waya, babu mai ce masa maroƙi. Mata ma sun samu ƙofa. Aminu Ladan Abubakar Alan Waƙa namu ne, marubucin littattafai ne kafin duniya ta san shi da waƙa, kuma ta ɗakin situdiyo ya shigo, ya zo da kalmomi masu nauyi da da sun tsaya a takarda.

Mu marubuta ne ya kamata mu fi kowa fahimtar wannan. Lokacin da manyan kamfanonin ɗab'i suka rufe wa sababbin marubuta ƙofa a shekarun 1980, matasa maza da mata suka riƙa kai rubutunsu ƙananan maɗaba'u da kuɗin aljihunsu. Irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa ta nan suka fito. Aka laƙaba wa aikin suna Adabin Kasuwar Kano, aka shafe shekarun 1990 ana kai ruwa rana a jaridu a kan ko adabi ne ko tarkace. Wanda aka taɓa yi wa gorin araha bai kamata ya yi saurin yi wa wani ba.

To ina gizo ke saƙar? Bari mu fara da kalangu, domin a nan ne maganar ta fi zurfi.

Hausa harshe ne mai karin sauti. Wuyan da ke ɗauke da kai da wuyar da ake sha, baƙaƙensu ɗaya, hawa da saukar murya ne suka raba su. Haka kukan yaro da kukar miya. Kalangu kuwa an yi shi ne daidai da wannan ɗabi'a. Kangonsa mai siririn tsaka ne, fata a baki biyu, tsarkiya ta haɗa su. Makaɗi ya rataya shi a hammata, in ya matse sai fata ta ɗaure murya ta hau, in ya saki ta sauka, in ya saki a tsakiyar bugu sai ta gangaro kamar yadda muryar mutum ke gangarowa. Da haka ganga ke magana. Ba salon zance ba ne wannan, magana ce sosai wadda mai kunne ke fassarawa kalma bayan kalma. Mahauta na da takensu, kuma kalangu nasu ne tun asali. Maƙera na da dundufa. Manomi na da taken da in gangar noma ta kira shi a gayya sai ya ji ƙarfi ya zo masa. Ɗan dambe in aka kaɗa takensa tsuma yake yi, domin sunansa aka kira a gaban jama'a, aka tuna masa waye ubansa.

Kalangun da ke cikin kwamfuta kuwa bugu ɗaya ne ko biyu da aka ɗauka aka daskarar, sa'annan aka jera su suna maimaita kansu. Yana da amon kalangu amma ba ya cewa komai. Kamar a ɗauki kalmar “sannu” daga bakin wani dattijo a riƙa maimaita ta sau ɗari a ce ga hirar dattijon nan. Kada a ce injin ne ya gaza, domin ana iya lanƙwasa sauti a manhaja yadda ake so. Matsalar ita ce wanda ke zaune gaban injin bai san taken ba, ba a gidan kiɗa ya tashi ba, wanda ya sani kuma ba a gayyace shi ba. Abin da ke salwanta ke nan, wani harshe ne sukutum a cikin harshenmu. Kuma irin wannan rashin kula da kari shi ke sa wani lokaci a ɗora kalmomin Hausa a kan rauji na Indiya ko na Turai har su karye, ka ji mawaƙi ya ce wani abu kunnenka ya ji wani.

Akwai kuma abin da ya fi wannan shafar hali. Mawaƙin da ke tsaye a tsakiyar makaɗansa ba shi kaɗai ke waƙar ba. In ya yi gaggawa ganga ta ja shi baya, in numfashi ya ƙare masa 'yan amshi su rufa masa asiri har ya dawo, in ya manta ɗa wani ya tuna masa, in ya kawo abin da bai zauna ba tun kafin jama'a su gane ya gani a fuskar abokan aikinsa. Kullum yana cikin mutanen da ke iya ce masa a'a. Dole ya koyi haƙuri da su, ya raba abin da aka samu, ya je sunan ɗansu, ya yi jinyar mara lafiyarsu, domin in sun watse ya tashi aiki. Kiɗan inji ba ya gajiya, ba ya fushi, ba ya neman kasonsa, kuma ba ya taɓa cewa wannan baiti bai yi ba. Mai situdiyo mutum ne, gaskiya, amma kuɗin aiki aka biya shi, ga wani na jira a waje. Mu da ke aji mun san bambancin ɗalibin da ya saba a duba masa aiki da jan biro da wanda bai taɓa jin an ce ya sake ba. Na biyun ba lalle ya fi na farko daƙiƙanci ba, sai dai ranar da aka fara gyara masa yakan ɗauka ƙiyayya ce. Marubucin da ke buga labarinsa a waya ya watsa a daren da ya rubuta shi, ba tare da kowa ya karanta masa ba, ciwonsu ɗaya.

Sai batun murya. A 1997 wani injiniya Ba'amurke mai suna Andy Hildebrand, wanda a da aikinsa nazarin amon ƙarƙashin ƙasa ne don neman man fetur, ya fitar da manhajar Auto-Tune, wadda ke jawo muryar da ta kauce ta ɗora ta a kan daidai. A 1998 waƙar “Believe” ta Cher ta nuna wa duniya yadda murya ke komawa kamar ta ƙarfe in an matsa manhajar har ƙarshe. Wannan amo shi ne ya zama tambarin waƙoƙin nanaye, har yara sun ɗauka haka muryar mawaƙi take. Shin wannan ƙarya ce?

A ganinmu mutanen kasuwa sun riga sun ba da amsa, domin sun daɗe da raba kwalliya da algus. Amaryar da ta sa lalle da kwalli ba ta yaudari kowa ba, kowa ya san ba da su aka haife ta ba. Amma wanda ya zuba yashi a buhun riɗi, ko ya ɗura wa sa ruwa da kanwa da safiyar Alhamis don ya cika ido a kara, wannan ya ci amana. Ma'aunin ba yawan gyaran ba ne. Ma'aunin shi ne, da mai saye zai san abin da aka yi, mai sayarwa zai ji kunya? In muka auna da wannan sai mu ga abin mamaki. Muryar ƙarfen nan da dattawa suka fi tsana ita ce ta fi kusa da kwalliya, domin a fili take, ko yaro ya san inji ne. Wadda ta fi kusa da algus ita ce gyaran da ba a ji, wanda ake yi a hankali harafi bayan harafi har mai muryar gwangwani ya fito kamar zabiya, sa'annan ya karɓi yabon baiwar da ba shi da ita. Asirin kan tonu ne ranar da aka gayyace shi biki aka biya shi kuɗin waƙa, ya zo ya sa faifai yana motsa baki, sai janareta ya mutu. Wasu za su ce ai masu bikin sun san haka ake yi. In sun sani kuma sun yarda, babu laifi, ciniki ne. Amma mawaƙa nawa ne za su yarda a rubuta a katin gayyata cewa motsa baki za su zo yi?

Mafi nauyin al'amarin a wurinmu shi ne bashi. Wancan bugu ɗaya da ke cikin kwamfuta, daga hannun wani ya fito. Wata rana an kira wani makaɗi, ko an ɗauko daga wani tsohon kaset, aka yanki abin da ya shafe shekaru yana koyo tun yana riƙe wa ubansa ɗan karɓi. In an kyauta masa an ba shi kuɗin mota. Daga nan bugun ya shiga waƙa ɗari, ya bi waya daga situdiyo zuwa situdiyo, ya ci kuɗin biki da na siyasa, mai hannun kuwa ko sunansa ba a sani ba. Kada a ɗauka a nan kaɗai ake haka. A 1969 wata ƙungiyar mawaƙa a Amurka mai suna The Winstons ta yi wani faifai, a cikinsa mai gangarsu Gregory Coleman ya yi wani kiɗa shi kaɗai na kimanin daƙiƙa 6. Wannan ɗan guntu an yanke shi an sa a dubban waƙoƙi a duniya. Coleman ya rasu a 2006 ba shi da ko wurin kwana, kuma bai taɓa karɓar sisi a kan bugun nan ba. Nijeriya ta yi sabuwar dokar haƙƙin mallaka wadda aka sa wa hannu a 2023, kuma ta ambaci haƙƙin mai wasa da na al'adun gargajiya. To amma makaɗin da ke wani ƙauye a bakin iyaka, wa zai kai masa labarin doka, balle kuɗin lauya?

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Bayan kowane kalangu akwai masassaƙin da ya fafe kango, da mahaucin da ya ba da fata, da wanda ya jeme ta, da wanda ya murza tsarkiya. Bikin da a da zai ciyar da gida biyar, yau yaro ɗaya ne da lasifika biyu a kan amalanke. Ba mu ce a hana shi ba, shi ma abincinsa yake nema, kuma mai biki ba zai biya goma ba alhali ga na biyu. Haka mota ta yi wa masu jakuna, haka injin niƙa ya yi wa masu daka. Sai dai akwai bambanci guda. Mota ba ta ari ƙafar jaki ta yi tafiya da ita ba. Kwamfuta kuwa da muryar makaɗin take cin kasuwar da ta kore shi daga ciki. A da in mawaƙi ya ci da gumin makaɗansa ya hana su, gari duka zai sani, domin ga su nan tsaye a bayansa. Abin da inji ya yi shi ne ya ɓoye mai bin bashin, har wanda ake bi ya manta ana bin sa, kuma ya kwana da zuciya fara.

Samarin situdiyo su lura, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Tun ƙarshen 2023 akwai manhajoji irin su Suno waɗanda za ka rubuta musu 'yan kalmomi su ba ka waƙa cikakkiya, da kiɗa da murya da amshi, cikin ƙasa da minti guda. Da me aka horar da su? Da waƙoƙin mutane, kuma a 2024 manyan kamfanonin waƙa na Amurka suka kai su kotu a kan haka. Mai fiyanon da ya ɗauki bugun makaɗi bai tambaya ba, ga shi an zo ɗaukar nasa. Mu ma masu alƙalami gemunmu ba shi da nisa da wutar.

Duk da haka akwai wuraren da lasifika ta kasa shiga, kuma suna da abin koya mana. Ranar hawan salla a Gumel ba wanda ya taɓa kawo shawarar a ajiye kakaki da algaita da tambari a sa faifai, ko da yake faifan ba zai yi kuskure ba. A filin dambe da kokawa ma haka, da wurin sharon Fulani. Dalili kuwa a fili yake. Makaɗin dambe idonsa na kan ƙafar ɗan wasa, in ya ga ya ja da baya ya canza kiɗa ya zuga shi, in an yi kisa ganga ta faɗa tun kafin ƙura ta lafa. Mai kakaki yana busa ne ga sarkin da yake gani, a daidai lokacin da dokinsa ya ɗaga ƙafa. A waɗannan wurare ba amo ake saye ba, mutum ake so wanda ke kallo yana amsawa. Inda duk amo kaɗai ake bukata, inji ya ci, kuma ba zai mayar ba.

Saboda haka ba mu ga hikimar kiran a koma baya ba, kuma masu wannan kira da wayar hannu suke yin sa. Abin da muke gani ya wajaba ƙarami ne kuma mai yiwuwa. Wanda ya ari bugu ya faɗi mai shi, ya kuma biya shi. Yadda ake ambaton mai situdiyo a farkon waƙa, har da lambar wayarsa wani lokaci, ba zai gagara a ambaci makaɗi da garinsu ba. Mawaƙin da ya samu hali ya riƙa kiran makaɗi na gaske ya zauna da shi a ɗakin, ba don ado ba, don ya kaɗa abin da ke da ma'ana, ya kuma ce masa a'a in ta kama. Wasu daga cikin manyan mawaƙan zamani sun fara haka a waƙoƙin sarauta, kuma kunne na jin bambancin.

Mu kuma marubuta namu aikin daban ne. A 1971 Turawa biyu, David Ames da Anthony King, suka wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shafe shekaru yana tattara tarihin makaɗa da waƙoƙinsu. A 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da tarihin Shata. Waɗannan sun yi nasu, amma fitilarsu ta fi haska manyan da suka yi suna. Makaɗan noma da na mahauta da na 'yan mata da ke ƙauyukan Gagarawa da Maigatari da Sule Tankarkar, mu ne kusa da su, kuma wayar da ta kore su daga dandali tana iya ɗaukar sauti. Wanda zai je ya tafi da goro da abin hasafi, ya nemi izini tukuna. Ya rubuta sunan makaɗin da na ubansa da na wanda ya koya masa. In ya kaɗa take a tsayar da shi ya faɗe shi da baki kalma-kalma, ya faɗi na wane ne da lokacin da ake kaɗa shi, a rubuta a gefe, domin sautin kaɗai ba zai fassara kansa ga jikokinmu ba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, in an kai amfani gida an fara dambe da bukukuwa, sa'ad da ake sauko da ganguna daga rataye a sake musu fata.